Kakin Baba Cikin Matashin Kai

Barkin Sale,
Minna.

Zuwa ga Yaya Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan ka isa Bida lafiya, ka kuma samu masauki mai daɗi. Allah ya tsare ka a inda kake.

Yaya, ka yi haƙuri da na ɗauki biro na rubuto maka. Na san ban kai ba. Ni da ko a gida idan kana zaune a tsakar gida sai in zagaya ta bayan randa in wuce. Ba ƙarfin halina ba ne, Baba ne ya sa ni. Ranar Asabar da ka tsaya a bakin zaure da jakarka ka ce, "Mako biyu zan gwada, in dai tsumma ne kawai zan dawo," Baba ya ce, "Allah ya kiyaye hanya," bai ƙara komai ba. Ka san ba ya iya doguwar magana da kai, ko sunanka ba ya faɗa, tunda kai ne ɗan fari. Amma washegari da na kai masa abinci rumfar da yake aiki, sai ya ce gobe in zo da takarda. Kwana uku muka yi, kullum bayan na taso daga makaranta. Yana ware ƙyallaye yana magana, ni ina rubutawa a kan gwiwata. Ya ce magana ba ta fito masa sai hannunsa yana aiki. Abin da ke ƙasa duk nasa ne. Inda na sa baki zan faɗa maka.

Ga maganar Baba:

Ina gaishe ka. Allah ya kare ka daga sharrin hanya da sharrin baki, ya kare ka daga abin da zuciya take raya wa mutum idan ya zauna shi kaɗai. Ba labarin gida zan ba ka ba, kowa lafiya. Hajiya Nnafatima ta danƙa maka mutum tara a sabuwar rumfarta ta can, kuma ka san ba ta ɗaukar kowa sai wanda ya daɗe ba shi da aiki. Za ku tattaro ragowar ƙyallen teloli da tsofaffin kayan gidaje, ku mayar da su matasan kai da barguna da abin goge ƙafa, kamar yadda muke yi a nan. Aikin hannun za ka iya shi cikin kwanaki. Abin da ba za ka samu a wurin kowa ba shi ne kurakuraina, don haka su zan ba ka.

Da aka rufe masaƙar da nake aiki a Kaduna muka dawo gidan kakanka, an ce mana rufewar ta wata uku ce. Na yarda. Kullum da safe sai in sa kakina, in goge takalmi, in ce wa Ummarku na tafi bin maganar aiki. Tashar jirgin ƙasa nake zuwa. Akwai wani mangwaro bayan tsofaffin gidajen ma'aikata, kusa da inda kakanka ya yi aikinsa na layin dogo. A nan nake zama ina kallon ƙarfe yana ƙyalli a rana. In na lumshe ido sai in ji ƙarar injina takwas ɗin da nake kula da su, in ga farin yadi yana gangarowa a hankali kamar ruwa a kan dutse. Wani lokaci har sai in ga jirgi ya tsaya, wani ya sauko da takarda a hannu yana tambayar ina Malam Isa. In la'asar ta yi sai in karkaɗe wando in dawo gida, in ce an ce mu koma mako mai zuwa. Shekara uku na yi haka. Ashe Ummarku ta sani tun watan farko, wata Bagwariya mai kawo mata doya ce ta gan ni. Ba ta taɓa tona ni ba. Ƙuli-ƙuli kawai take ƙunshewa a takarda ta sa mini a aljihu.

To a cikin taran nan za ka ga wani wanda gugar rigarsa ta fi ta kowa. Kada ka tambaye shi inda ya shiga duk shekarun nan, ƙarya za ka sa shi ya yi, kuma in ya yi maka ƙarya ranar farko kunya ba za ta bar shi ya dawo ba. Ka miƙa masa almakashi tun bai gama gaisuwa ba. In sun makara a makon farko kada ka ce lalaci ne. Wanda ya daɗe a zaune jikinsa ya manta da ƙarfe takwas. Ni kaina sai da na yi wata guda ina isowa bayan an buɗe buhu na biyu, Hajiya kuwa abin da take cewa kawai shi ne, "Sannu da zuwa, Malam, ga wurinka."

Kuskure na biyu girman kai ne. Lokacin da Hajiya ta fara wannan aiki ita da kanta ta zo gidan nan, ta zauna a kan tabarmar Ummarku. Ta ce, "Malam Isa, an ce ka san yadi. Ni kuma ina da yadi har ya yi mini yawa, sai dai duk a yanke yake." Na ce mata mutumin da ya riƙe injina takwas ba zai zama mai tsumma ba. Ta yi dariya ta ce, "To, in injinan sun zo ka gaishe su." Ta tafi. Na ƙara shekara biyu a kan bencin mai shayi. Ka san abin da ya tashe ni? Ƙanwarka ce, tana firamare. Malamarsu ta tambayi kowa sana'ar ubansa, ita kuma ta miƙe ta ce, "Babana zama yake yi."

Yaya, nan ni ce Safiya. Wallahi ban tuna na faɗi haka ba. Na roƙi Baba mu cire wannan, ya ce a bar shi, ita ce magana mafi amfani da aka taɓa yi a kansa. Ga ci gaban nasa:

Ko da na fara, kunyar ba ta sake ni ba. In na ɗauko buhun ƙyalle daga wurin teloli sai in bi ta bayan makabarta, hanyar da ta ninka ta gaba biyu, don kada 'yan majalisar mai shayi su gan ni. Ran nan aka yi ruwa, hanyar bayan ta cika da taɓo, dole na bi ta gabansu. Tanko, wanda muka yi shekaru muna raba benci da shi, ya ɗaga murya: "A'a, Injiniya! An ƙara girma ke nan? Daga yadi an koma jikokin yadi!" Aka fashe da dariya. Na ajiye buhun a gabansu, na zauna a kansa, na ce a ba ni shayi. Na ce, "Tanko, jikokin ma tun safe suke yawo, kai ko inuwar nan ba ka bari ba." Aka mayar da dariyar kansa. Daga ranar na daina zagaye. Tankon nan yanzu ka san shi, shi ne ya fi kowa iya kitsa abin goge ƙafa a rumfarmu, kuma har gobe Injiniya yake ce mini. Don haka ka ɗauki buhunka ka bi ta tsakiyar kasuwar Bida tun makon farko, da rana tsaka. Za a yi dariya. Ka dubi wanda dariyarsa ta fi ƙarfi, ka riƙe fuskarsa, domin shi ne zai zo neman wuri.

Yanzu ga wanda ya fi damuna. Ban taɓa gaya wa kowa a gida ba, Ummarku ma a bakin Hajiya ta ji.

A shekarata ta farko wata dattijuwa ta zo daga Tudun Fulani, Gwaggo Asabe, matar wani mai gyaran agogo da ya rasu. Ta fita takaba ke nan. An raba kayansa masu kyau sadaka kamar yadda ake yi, saura wata tsohuwar babbar riga shuɗiya, kafaɗarta ta cinye, garwashi ya huda gefenta, ba wanda zai iya sa ta. Rigar ta kawo mana rumfa, ni na karɓa. Ta buɗe baki ta ce, "Malam, wannan rigar dai…" Ni kuma ga buhuna shida a gabana, ga ɗabi'ar masaƙa a jikina, inda aka koya mana cewa duk wanda ya tsaya sauraro injinsa zai tsinke zare. Na ce, "To, to, Allah ya ji ƙansa," na jefa ta kan tari. Da na zo kanta sai yatsuna suka ji auduga ce zalla, mai ƙwari, irin wadda ba a samu yanzu. Na ce wannan za ta jure ƙafa. Na tsaga ta siri-siri, na kitsa, aikin wuyan kuma da na ga ya yi kyau sai na zaunar da shi a tsakiya. Har nuna wa mutane na riƙa yi.

Wani mai kantin magani ya saya. Ashe kantin a unguwarsu yake. Damina ce. Ta je sayen maganin ƙafa, ta tarar da mutane suna murje taɓon takalmansu a kan aikin wuyan da ta yi shekara talatin tana wankewa da hannunta.

Ɗauke shi ta yi, ta rungume a ƙirji, ta hau keke napep har Barkin Sale. Da ta shigo rumfa hijabinta duk taɓo ne. Ba ta ɗaga murya ba. Ta shimfiɗa shi a kan teburina, ta sa yatsa a wani wuri ta ce, "Malam, a nan yake sa carbinsa." Sannan ta ce, "Abin da na so in gaya maka ran nan, a yi mini matashi da ita."

Duk kekunan ɗinki suka tsaya. Hajiya ta taso ta riƙe hannunta, ta zaunar da ita, ta ba ta ruwa. Ni ko kallona ba ta yi ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kwana huɗu na yi ina warware kitson nan, ina wanke kowane tsiri shi kaɗai, ina shanyawa. Na haɗa matashin, na kai mata da ƙafata. Ta karɓa ta bayan labule ta ce, "Allah ya yafe mana gaba ɗaya." Ba ta sake zuwa rumfa ba. Har yau in na ji wani ya fara magana da "wannan rigar dai", almakashi yakan tsaya a hannuna.

Tun daga nan muka sa doka, ita nake so ka kai Bida ko da ita kaɗai ka kai. Duk wanda ya kawo kaya daga gida, ka ajiye abin da ke hannunka ka tambaye shi: wa ya sa wannan, yana raye ko ya rasu? Ka bari ya gama magana, ko da zai kai azahar. Kayan mamaci ba sa zuwa ƙarƙashin ƙafa. Haka sallaya, haka duk ƙyallen da ke da rubutun Larabci. Waɗannan matashi ake yi da su, su je ƙarƙashin kai. Abin da kuma har yanzu za a iya sawa ba a yanka shi, a wanke a ba mai bukata. Ka laluba kowane aljihu kafin almakashi ya taɓa. Mun sha samun laya, da hoton jariri, da haƙorin yaro a ƙulle cikin leda.

Ka ce in tsumma ne kawai za ka dawo. Ni ma da haka nake gani. Amma wata rana ka zauna gaban tarin da hantsi, kafin a fara, ka dube shi da kyau. Wancan jan leshi ragowar kayan wata amarya ne, watakila yanzu tana goye da na biyu. Wancan ruwan toka wandon makarantar wani ne da ya yi tsawo cikin hutu ɗaya. Ga shaddar Sallah, ga ankon suna, ga hannun rigar ɗan acaba da rana ta cinye. Garin nan gaba ɗaya yana zuwa rumfarmu a yanke, wanda ya yi faɗa da wanda bai taɓa gaisawa da kowa ba, mu kuma mu ɗinke su gefe da gefe su kwana a bargo ɗaya. Wani lokaci nakan yi tunanin da za a haɗa duk abin da ya bi ta hannunmu, da ya rufe Minna tun daga Chanchaga har Beji, ya hau duwatsun nan ya sauka, mai tafiya a jirgin sama ya leƙo ya ce wane gari ne wannan da aka lulluɓe.

Yaya, ni ce kuma. Da Baba ya zo nan sai ya koma kan ware ƙyallayensa. Rana ta shigo ta hujin kwano ta sauka a kan ƙyallayen, zarurruka suna yawo a cikin hasken, Malam Tanko yana ta kitsonsa yana gyangyaɗi. Na ɗauka mun gama har na rufe biro. Sai ya ce in buɗe, saura ɗaya, kuma in rubuta shi yadda ya faɗa kada in gyara:

Na ƙarshe a kanka na yi shi. Ƙyamar da kake yi wa wannan aiki a bakina ka koye ta. Da ka gama karatu, maƙwabcinmu ya ce ka bi shi ka koyi haɗa wutar sola, ni na ce ɗana ba zai hau tsani ba bayan ya riƙe takarda. Ina ɗauke da buhun tsumma a lokacin, amma na so a ce aƙalla ɗana yana ofis. Shekara biyar ina ganinka kana goge farar rigarka, kana fita da fayil, kana dawowa da la'asar ka ce an ce a koma. Na san wannan tafiyar. Na san yadda mai yin ta yake karkaɗe wando a bakin zaure. Na san a rumfar cajin waya kake wuni. Na gane, na yi shiru, ina cewa kunyar ɗan fari ce, alhali tsoro ne kada in dube ka in ga kaina. Sannan da na tashi gyarawa sai na je na roƙi Hajiya ta ba ka wannan aiki ban shawarce ka ba, na jefa ka kan tari kamar yadda na yi wa rigar nan, ban bari ka gama magana ba. Ka yafe mini.

Ba zan ce dole ka zauna ba. Ƙofar gidan nan a buɗe take ko yaushe ka dawo. Roƙona ɗaya ne, mako biyu ya yi kaɗan. A mako biyu ƙura kawai za ka shaƙa da ciwon baya. Ka ba shi daminar nan. Ka tsaya har buhun farko da ka karɓa da hannunka ya zama bargo, ka ga wata ta naɗe shi ta tafi da shi gida. Ka tsaya har ranar da mai gogaggiyar rigar nan zai riga ka isowa. Mutum taran nan an sha ce musu su koma mako mai zuwa. In ka tafi a mako na biyu, abin da za su ji ke nan, kuma kai ka san inda za su koma su zauna. In ruwa ya ɗauke zuciyarka ba ta kwanta ba, ka dawo, ni zan je wurin Hajiya, sannan mu zauna ka faɗi abin da kake so, ni kuma in ajiye almakashi.

Nan maganar Baba ta tsaya. Sauran ni zan gaya maka, domin ya ce shi ba zai iya ba.

Tare da wannan wasiƙa direban da ke kai wa Hajiya kaya zai ba ka ƙunshi. A ciki akwai matashin kai. Jiya Baba ya buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado ya ciro kakinsa na masaƙa, wanda ko taɓa shi ba ma yi. Ya kawo shi rumfa. Malam Tanko ya ce, "Injiniya, yau jirgin ya zo ne?" Baba ya ce, "Ya zo, ya wuce." Ya laluba aljihun kamar yadda doka ta ce, ya samu wata tsohuwar takarda duk tabon mai, irin wadda Umma take ƙunshe ƙuli-ƙuli. Ya daɗe yana kallonta, ya mayar da ita aljihun rigar da ke jikinsa. Hajiya ta matso ta yi masa tambayar da ake yi wa kowa, ba wasa a fuskarta: "Malam Isa, mai wannan yana raye?" Baba ya ce, "Wanda ya sa wannan ya daɗe da tafiya, Hajiya. Ba zai je ƙarƙashin ƙafa ba." Shi ya yanka, shi ya ɗinka, bai bar kowa ya taya shi ba. Ɗinkin ya ɗan karkace a gefe ɗaya, ya ce kada in faɗa maka, amma ai za ka gani.

Farar rigarka kuma da ka bari a ƙusa, Umma ta so ta sa ta cikin buhu don ganinta yana sa ta kuka. Baba ya hana, ya ce har yanzu za ta sawu. Ya goge ta da kansa, tana ƙarƙashin matashin. Ya ce ka sa ta ranar Juma'a.

Da zan naɗe takardar nan a gida ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Ya roƙi Allah ya ba ka lafiya da haƙuri, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya sa albarka a hannun taran da ke tare da kai, ya dawo mana da kai lafiya a lokacin da ya fi alheri. A ƙarshe, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Allah ya tsare mini Habibu." Ban taɓa jin sunanka a bakinsa ba tun da aka haife ni. Umma tana bakin murhu, ludayi ya tsaya a hannunta. Ban sani ba ko ya so in rubuta wannan, ban kuma tambaye shi ba don kada ya hana.

Umma tana gaishe ka, ta ce ka riƙa ɗaura ƙyalle a hanci in ana buɗe buhu. Ni ma ina gaishe ka, Allah ya kiyaye ka safe da yamma.

Yaya, in ba za ka ga rashin kunyata ba, ina roƙon ka ba ni izini in sake rubuto maka, wannan karon da tawa maganar. Ba sai ka amsa da wasiƙa ba. In direban ya dawo bayan mako biyu ba tare da kai ba, zan ɗauka ka yarda.

Ƙanwarka,
Safiya